Koren Zakin Alhaji Bawa

Ku da kuke tsayawa a bakin rumfata kuna ɗaga waya, kuna cewa, "Baba, ai wannan yanzun nan inji zai buga shi," ku shigo ku zauna. Amma kada wanda ya jingina da wancan allon, bai bushe ba. Sunana Lawali, a nan Gusau aka haife ni, kuma tun iyayenku suna yawo ba wando nake zana namun daji a bayan manyan motoci. Kuna gani kamar aikin shi ne a samo fenti ruwan ɗorawa a yaɓa, a yi masa haƙora, a ce ga zaki. Ban ga laifinku ba, ni ma haka na zata ranar da mahaifina ya kai ni wurin Malam Tukur.

Malam Tukur, Allah ya jiƙansa, gajere ne mai saurin fushi, kuma bai yarda da bayani ba. Na daɗe a hannunsa ban taɓa fenti ba sai in wankewa za a yi. Ni ne wankin burushi da kananzir, ni ne gugar katako da samfefa har zanen yatsuna ya shafe, ni ne zuwa kwata da sassafe. Ba nama yake aike na saya ba. Cewa yake in tsaya in kalli bijimin da aka feɗe, in ga inda tsoka ta kwanta da inda ƙashi ya turo. Mahauta suka fara kallona suna matsar da yaransu, sun ɗauka maita ke damuna.

Aikin farko da na ga ya yi daga tushe har ƙarshe ɓauna ce, a ƙyauren bayan motar wani mai fataucin goro. Ya shafe katakon da fari, ya bushe, ya zana ta da alli, sannan ya ɗauko shuɗi. Shuɗi fa, irin na bula da mata ke sa wa wanki. Ya yi ɓauna sukutum shuɗiya, inda haske zai faɗa ya saki fentin, inda inuwa za ta zauna ya danne shi. Na kasa riƙe dariya. Sai ya miƙo mini guntun katako da gwangwanin baƙin fenti, ya ce in zana tawa ɓaunar yadda Allah ya yi ta. Na zage na yi, ina jin kaina. Shi kuwa da shuɗin nan ya bushe, ya riƙa bin sa da baƙin da aka tsinka har ana hango abin da ke ƙarƙashi, ya bari ya bushe, ya sake bi da ja-ja a gadon baya, ya sake bari. Ranar da ya gama, ɓaunarsa tana sheƙi kamar yanzu ta fito daga ruwa. Ya jingina tawa kusa da ita ya kira masu shayi su zo su gani. Ɗayansu ya nuna tawa ya tambaya ko tukunya ce aka kife.

Wannan zanen farko mai launi ɗaya shi muke kira shimfiɗa. A nan ake gina dabba: ƙashinta, nauyinta, inda rana take dukanta. Kowane shafi da za a bi da shi daga baya kuwa, Malam Tukur riga yake ce masa, wai dabbar tsirara take sai an tufatar da ita. Riga ba ta da kauri. In ta yi kaurin da za ta rufe shimfiɗa, ka yi aikin banza, ka koma mai fentin bango. Kuma ta ƙasa kananzir ya fi yawa a cikinta, ta sama mai ya fi yawa. Wanda ya juya wannan, kafin damina ta zagayo zai ga zanensa ya tsattsage kamar ƙasan tafki. Kowace dabba da shimfiɗarta. Barewa jar ƙasa, mikiya shunayya, ita ma sai da ya tura ni gindin dutsen Kwatarkwashi, inda mikiyoyi suke shawagi, na yi ta ɗaga kai har wuyana ya ƙage kafin ya bari na taɓa fiffikenta. Zaki kuwa kore ne, kore mai duhu irin na miyar kuka. Ruwan ɗorawa a kan fari rawaya ce kawai. Ruwan ɗorawa a kan wannan koren shi ne fata mai nama a ciki.

Kayan aikin ba wasu na a zo a gani ba ne. Gwangwanayen madara na haɗin launi, fasasshen gilashin mota da nake murza fenti a kai, tsumma, babban yatsana, sai burusa. Na sayen kasuwa suna yin babban shafi. Na gashin baki da ƙwayar ido kuwa da kaina nake ɗaure shi, da gashin wutsiyar akuya a bakin siririn kara. Akwai wata akuyar maƙwabta da har ta mutu in ta hango ni sai ta juya mini gaba.

Masu motoci kowa da haukarsa. Wani ya ce haƙoran su fi haka tsawo. Wani ya ce zaki yake so yana kokawa da kada, jirgin sama na wucewa a bisa. Duk ana yi musu. Doka ɗaya ce ba a karyawa: mai mota ba ya ganin shimfiɗa. Da ka aje burushi ka ja tamfol ka rufe, don ba ka da bakin da za ka yi wa mutum bayanin dalilin da ya sa zakinsa ya zama kore.

To, sai ga shekarar da ban taɓa ganin irinta ba. Injin buga hoto a leda ya shigo gari, mutum ya kawo mota da safe ya ɗauka da azahar da damisa manne a baya. Hanya kuma ta yi tsoro, motoci da yawa aka jingine su. Wasu masu motocin suka ce sun daina hoton mai rai, fure da rubutu ya ishe su. Ni da ake layi a rumfata, na koma bin katangun mutane ina rubuta "An hana fitsari a nan." Wallahi har a wannan rubutun sai da na riƙa yi wa haruffa inuwa, don hannu kada ya mutu.

A cikin wannan hali Alhaji Bawa ya zo. Ɗan kasuwar hatsi ne daga Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, dattijo mai ƙaton ciki da ƙaramar hula, yana da tsohuwar roka mai bodin katako da aka yi wa sabon ƙyauren baya. Ya ce, "Lawali, zaki nika so. Ba na leda ba. Wanda in direban baya ya hango shi, shi rage gudu."

Na ce an gama. A raina na san wannan motar ita ce za ta gaya wa duniya ban mutu ba, don tana bin Bungudu, ta ratsa Gusau, ta wuce Kwatarkwashi har Tsafe, duk mai mota sai ya bi bayanta. Saboda haka na fara da adon gefe, na rubuta sunana a ƙasa da manyan haruffa, manya fiye da yadda na saba. Sannan na yi shimfiɗa. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Zaki tsaye, ƙafa ɗaya a kan dutse, kai a juye yana kallon wanda ke biye, kore shar daga hanci har wutsiya. Na ja tamfol, na tafi ɗaurin auren ɗan ƙanwata a Bungudu, don dama sai ya bushe.

Na dawo na tarar da tamfol a ƙasa, da tabon baƙin mai inda motar take. Ashe lodin masara ne ya taso wa Alhaji, direbansa Iro ya zo, bai tambayi kowa ba, ya yaye tamfol, ya yi salati, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tayar da mota ya tafi.

Kafin mako ya zagayo babu tashar da ba a san ta ba. Yara na bin ta a guje suna kiran zakin miyar kuka. 'Yan kamasho suka sa mata Koren Zaki. Kuma duk wanda ya gama dariya sai ya sauke ido ƙasa ya karanta sunan wanda ya yi. In na shiga masallaci sai in ji ana, "Malam Kore, an fito?" Wani mai motoci da ya yi mini alkawarin aiki ya aiko a gaya mini ya fasa, wai ya ji idona ya fara ruwa. Abin ya yi mini zafi ƙwarai. Yunwa ina iya jure ta, amma a ce almajirin Malam Tukur bai san launin zaki ba, wannan ya hana ni sakat.

Na hau mota har Kekun Waje. Na sami Alhaji a kan tabarma tsakanin buhuna, yana cin gyaɗa. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, a ba ni motar nan in ƙarasa. Ban gama ba."

Ya ce, "Ka gama, ba ka dai sani ba."

"Alhaji, shimfiɗa ce. Riguna ne suka rage."

"Riga? Zaki mi zai yi da riga?" Ya kakkaɓe hannu. "Bari in gaya maka. Tun da anka yi zakin ga, ko faci ba mu yi ba. Masara munka kai Tsafe, muna saukewa farashi na tashi. Mai kaya daga nesa shika hango ta shi ce ita nika so. Wanga zaki sa'a garai. Wanda duk ya taɓa shi, ni da shi sai gaban alƙali."

Na ce to a bar ni in goge sunana. Ya ce, "A'a. Wa ya sani ko sa'ar cikin sunan take? Bar shi."

Na dawo Gusau ina ƙuna, na zauna a garejin Ɗahiru bakanike, wanda katanga ɗaya ce ta raba shi da rumfata, na zayyana masa. Ɗahiru mutum ne da in babu tsiya a wuri sai ya ƙirƙiro ta. Ya saurara yana goge hannu, sannan ya ce, "Kai, motar nan ko garken zakuna aka zana mata sai ta zo wurina. Lagiretonta rariya ne, ruwa ba ya zama a ciki. Rigar nan taka, in an sa, ana ganewa?"

Na ce, "In na tsinka ta sosai, ko ni sai na duba da kyau."

Ya ce, "To me kake kuka a kai?"

Ba a daɗe ba kuwa sa'ar ta ɗan yi hutu, motar ta shigo tana tafasa. Ɗahiru ya sa Iro ya yi baya-baya da ita har ƙyauren ya kusa taɓa katangata, ya leƙa inji ya girgiza kai, ya ce kayan gyara sai an aiko daga Kano. Iro ya tafi gida. Na wanke ƙyauren tas, na haɗa ruwan ƙasa tsararo kamar shayin marowaci, na bi zakin da shi tun daga kafaɗa har cinya. Da ya bushe, Ɗahiru ya ɗebo ƙurar gareji ya watsa masa, sai ga kayan Kano sun iso, alhali tun farko suna cikin akwatinsa. Iro ya zo, ya zagaya motar, ya shuri tayoyi, ya mari zakin a hanci yadda ya saba, ya tafi.

Haka muka yi ta yi. Birki ya kawo ta, na sa ruwan ɗorawa. Kuloci ya kawo ta, na bi gadon baya da ja-ja. Wani zuwan ma lafiyarta ƙalau, iska kawai za a ƙara, Ɗahiru ya kasa kunne ya ce yana jin wata ƙara da ba ta kwanta masa ba. Ranar na fara gezar wuya da busasshen burushi, sili-sili, duhu a ciki haske a baki. Koren ban kashe shi ba. Na bar shi yana leƙowa a ƙarƙashin ciki, da bayan kunne, da tsakanin yatsu, inda inuwa take. Ido kaɗai ban taɓa ba. Shi ne ake sa wa a ƙarshe, kuma shi ba ya ɓoyuwa, ranar da aka sa shi ko jariri ya san an taɓa zanen.

Abin da ya fi ba ni dariya, babu wanda ya lura. Masu ganin ta kullum sun daina kallon ta, suna dai ganin Koren Zaki saboda sun san shi ne. Alhaji da kansa ya sha tsayawa a bayanta yana lissafin buhuna. Sau ɗaya Iro ya ɗan tsaya ya karkata kai, sai ya ce, "Malam Kore, fentin nan naka ba shi da kyau. Rana na cin shi, ya fara koɗewa." Na ce ai kayan yanzu sai haƙuri.

Asiri ya tonu a tashar Tsafe. Wani manomi daga 'Yandoto, wanda bai taɓa ganin motar ba, aka ce masa ya kai waken suyarsa ya ba motar da ke da koren zaki. Bawan Allah ya zagaya tasha ya sake zagayawa. Ƙarshe ya zo ya tsaya kan Iro, wanda ke kwance a inuwar ƙyauren, ya yi sallama ya ce don Allah ina motar koren zaki. Iro ya nuna sama da yatsa ko tashi bai yi ba. Mutumin ya ɗaga kai, ya duba, ya ce, "Yaro, na haifi kamarka. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba." Ya tafi ya ba wata motar kayansa. Iro ya tashi zai yi masa rashin kunya, ya juyo don ya nuna masa, sai ya tsaya da baki buɗe. Shi ya ba ni labarin da kansa daga baya, ya ce sai da ya duba lambar motar.

Washegari da hantsi na ji ƙarar rokar, ba a garejin Ɗahiru ta tsaya ba, a ƙofar rumfata. Alhaji ya sauko tun ba ta gama tsayawa ba, hula a karkace. Ɗahiru kuwa nan take ya shige ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Kanikawa, masu shayi, masu faci, duk suka taru.

"Lawali! Ina zakina?"

Na ce, "Ga shi nan, Alhaji."

"Wanga ba nawa ba na! Nawa kore na! Ka cuce ni, ka sa lodi ya wuce ni, ka kashe mani sa'a!"

Na ce koren yana nan, ko ɗigo ban cire ba, yana ƙarƙashi. Ya ce shi ba ƙarƙashi ya saya ba. In maida shi yadda yake yanzu-yanzu, ko mu tafi wurin alƙali.

Gaskiya motarsa ce, kuma ya hana ni, na yi. Na shiga rumfa na haɗa kore a babban gwangwani, mai kauri, irin wanda shafa ɗaya zai binne komai. Na kawo na aje a ƙasa bayan motar. Na tsoma burushi mafi faɗi da nake da shi, na ɗago, na tsaya gaban zakin. Na ga gezar da na yi sili-sili, na ga kafaɗar da ta ɗauki rana. Sai na juya na miƙa wa Alhaji burushin ta wajen mariƙi.

Na ce, "Alhaji, hannuna ya ƙi. Kai ne mai shi, bismilla. Fara ta fuska, ta fi sauri."

Ya fizge. Ya naɗe hannun riga, ya matsa, ya ɗaga burushin daidai goshin zakin. Har Ɗahiru sai da ya turo kai daga ƙarƙashin mota. Ina jin tun da aka yi zanen, ranar ce Alhaji ya fara tsayawa kusa da shi haka. Ya dubi goshin. Ya dubi gezar. Ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin ciki inda koren yake kwance a inuwa, ya miƙe. Fenti ya gangaro ta mariƙi ya bi masa gwiwar hannu, bai ji ba. Ya daɗe a haka, hannu a sama.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Idon ga fa? Don mi shike awa na makaho?"

Na ce, "Ban gama ba, Alhaji."

Ya juyo a fusace. "To gama mana! Ka tsaya kana kallona!"

Ban bari ya sake numfashi ba. Na ɗauko ɗan burushina na gashin akuya, na sa zuma-zuma a ƙwayar, na zagaye da baƙi, na ja layin fatar ido ya ɗan sauko yadda na mai jin haushi yake. Alhaji na tsaye a kafaɗata da korensa a hannu, yana huci a wuyana. Sannan na taɓa fari, ɗigo kamar ƙwayar gero, na aje a wannan ido, na aje a wancan, na kauce.

Zakin ya dube shi. Alhaji ya ce, "Kai!" ya ja da baya, ƙafarsa ta dama ta faɗa cikin gwangwanin nan har idon sawu.

Babu wanda ya yi dariya, don dattijo ne, amma na ga kanikawa suna cizon hannun riga. Ya zaro ƙafar a hankali, ya dube ta, ya dubi zakin, ya miƙo mini burushin. Ya ce wa Iro ya kwantar da motar nan sai idon ya bushe, kuma in ya kuskura ya sake marin zakin nan a hanci, a bakin aikinsa. Sannan ya gyara hula ya nufi bakin titi neman motar Bungudu, takalmi ɗaya fari ɗaya kore, yana buga mana hatimi a ƙasa duk inda ya taka.